Mahzanin da Na Saya a Haraj

Asabar, 4 ga Rajab 1398, bayan magariba

Sabiru yana mustashfa, wato asibiti. An ɗinke masa hannun dama, an fara yi musu allurar mahaukacin kare a ciki, shi da Issoufou lebura. Likita ya ce ransu ba ya cikin haɗari, yatsun Sabiru biyu ne bai ba da tabbaci a kansu ba.

Ga yadda aka ba ni labari, don ba na nan. Da hantsi kare ya gangaro daga duwatsun Aƙiƙ da ke gefen Madina, ya shigo ta ƙofar sharika, kamfanin da muke yi wa gadi, yana dalalar da miyau, ya cafki ƙafar Issoufou. Sabiru ne a kan gadi, ƙaramar bindiga, musaddas, na ɗaure a ƙugunsa. Ya harba ɗaya bai samu ba. Daga nan, in ji leburori, sai ya tsaya yana kallon bindigar. Karen ya saki Issoufou ya dawo kansa. Da shebur aka kashe karen.

Matata Sharifa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ƙaninta ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. Na kai ta mustashfa, na tsaya a bakin ƙofa, na ce mata warin magani na hawar mini kai. Ƙarya nake yi, hancina lafiya lau.

Lahadi, da hantsi

Abin da ban rubuta jiya ba. Da na isa wurin aiki da azahar na tarar an jefa bindigar a aljihun teburin mudir, manajanmu, ba wanda ya duba ta, don duk sharikar nan ba mai sanin kanta sai ni da Sabiru. Na ɗauke ta na shiga bayan siton dinamit. Harsashi na biyu ya miƙe tsaye a bakin mahzan, wato gidan harsashi, ya tokare hanya. Ko Sabiru ya ja har hannunsa ya tsinke ba za ta tashi ba.

Na zare mahzan, na cire harsashin, na goge ta, na mayar da komai daidai. Sannan na fito ina tambayar mutane wai yaya abin ya faru.

Talata, bayan la'asar

Maganar ta riga ni isowa unguwarmu, Ranuna. A bakin shagon Haladu mai shayi an baje ta ana ta yi. Wani ya ce yaron fitsari ya yi a wando. Wani ya ce jefar da bindigar ya yi. Haladu ya juyo gare ni yana dariya ya ce, "Abu Ƙaltume, ai kai ka fara gano shi. Ba kai ka raɗa masa Sarkin Yaƙi ba?"

Ni na raɗa masa. Lokacin da nake neman yayarsa yana ɗan ƙarami, zakaran gidansu ya taɓa bin sa da gudu har cikin zanen uwarsa, a gabana. Tun ranar nake kiransa Sarkin Yaƙi. Wasa ne irin na miji da ƙanin mata, shi ma ba ya bari na. Ya ce mini mai sanƙo, ya ɓoye mini hula, ya ce in na saki yayarsa zai samo mata wanda ya fi ni gashi. A gaban kowa muke yi, uwarsa na jin mu tana dariya. Yau wasan nan shi aka ɗauko ya zama shaida. Ana cewa har mijin yayarsa, wanda ya samo masa aikin da hannunsa, ya san matsoraci ne.

Na yi murmushi. Wallahi murmushi na yi, na shanye shayina na tashi.

Alhamis, bayan azahar

Bari in rubuta shi sau ɗaya ko na samu in ci abinci.

Bindiga ɗaya ce a sharika. Sabiru na riƙe ta daga asuba zuwa azahar, ni daga azahar zuwa isha, in kulle ta a akwatin ƙarfe ya zo ya ɗauka. Dokar mudir ita ce a bar ta da mahzan cike, harsashi takwas.

Babana, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya zo garin nan daga Katsina, kuma bai taɓa yarda da aikin nan nawa ba. Ranar da aka ba ni izinin riƙe makami ya ce, "Ba ruwana da abin da hukuma ta ba ka. Amma kada ka kuskura ka tsaya gaban Allah da harsashi a jikinka, balle a garin Manzo." Na riƙe maganar. Kullum in zan shiga masallacin ma'aikata sai in zare mahzan, in cusa shi cikin takalmin but ɗina na hagu, in toshe da safa, in ajiye a ƙofa. Shekaru ina yin haka.

Watan jiya na fito daga sallar la'asar, babu but. Direbobin manyan motoci kan tsaya su yi salla su wuce, wani ya ga takalmi mai kyau ya yi gaba da shi. Da wane baki zan je in ce wa mudir na ajiye harsasan sharika a cikin takalmi a bakin masallaci? Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, mai furfura a gemu! Na ari silifas ɗin ladani na koma bakin aiki da bindiga wayam.

Na roƙi Issoufou ya kula da ƙofa, na ce cikina ke ciwo, na tafi haraj, kasuwar gwanjo, wurin Ɗan'inna, mai tsofaffin kayan mota da wasu abubuwan da ba ya bajewa a fili. Ya shiga ciki ya fito da mahzan da harsasai a cikin tsumma. Ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, Abdussamad, wannan ba asli ba ne, tijari ne, kwaikwayon 'yan kasuwa. Asli sai an yi oda, kuma sai da takardar sharika. Wannan ƙarfensa ba kauri. Sa masa biyar zai yi maka aiki. In ka danna masa takwas, ya kwana da su, leɓensa buɗewa yake yi, harsashi ya ɗaga kai." Na ce a ido dai ba a bambancewa? Ya ce sai wanda ya juya gindinsa ya ga babu hatimi.

Ya faɗa mini. Ba zan ce bai faɗa mini ba. Har na je bayan duwatsu ranar wata Juma'a na gwada. Da biyar, tas. Da takwas, ya cije. Amma in Sabiru ya ga biyar zai tambayi ina uku, in ya tambaya sai an zo kan takalmi. Sai na ci gaba da danna takwas. Na ce a raina shekara nawa muke nan ba mu taɓa harbin ko ƙadangare ba.

Juma'a, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba a kan amana. Na rantse ni yake kallo.

Litinin, 13 ga wata, da yamma

An sallami Sabiru, yana gidan uwarsa, Inna Hajo. Ba yadda zan yi, na je. Ya rame, cikinsa duk ya kumbura da allurai, ko tari ya yi sai ya riƙe gefen katifa. Na shiga na ce sannu da jiki, Sabiru. Ya ɗago ya dube ni, don rabon da in kira shi da sunansa na yanka har na manta.

Ya ce, "Yaya, wallahi na ja. Na ja, ta ƙi." Rabi da Hausa rabi da Larabci, kamar yadda yaran yanzu ke yi. "Kai da ka karɓe ta, ba ka ga komai ba?"

Na ce ban lura ba, hankalina a tashe yake ranar.

Sai ya ce, "Ko dai ban ja ba ne? Kowa na cewa tsayawa na yi. Ni ina jin yatsana a kanta, amma yanzu ban sani ba." Na ce ma'alesh, ƙaddara ce, ya daina sa abin a ransa. Inna ta kawo mini fura mai sanyi a ƙwaryar da ta zo da ita daga gida tun tana yarinya, wadda ba kowa take ba wa ba. Na sha duka.

Laraba, bayan azahar

Mudir ya kira ni. Ya ce ranar Asabar za a gwada bindigar a gaban kowa. In laifinta ne, Sabiru na nan a kan aikinsa, sharika ta ɗauki maganinsa. In ta tashi lafiya, to ba shi da buƙatar mai gadin da kare ke kora, kuma zai rubuta wa hukuma a karɓe izininsa. Ya ce, "Surukinka ne, na sani, amma dinamit nake ajiyewa a nan ba dabino ba."

Na ce tayyib, na ji.

Alhamis, da safe

'Yata Ƙaltume ta tambaye ni ko gaskiya ne Kawu Sabiru matsoraci ne, yara na faɗa a makaranta. Na daka mata tsawa har ta saki kofin shayi. Ita me ta yi?

Asabar, 18 ga wata, bayan la'asar

An gwada.

Aka kafa tsohuwar ganga a gindin dutse. Leburori suka taru. Sabiru ya zo a motar haya, hannu rataye a wuya. Mudir ya miƙo mini kwalin harsashi ya ce in loda sabo. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Biyar ma sun isa gwaji, ba sai an yi ɓarna ba." Ya ce haka ne.

Duk biyar suka tashi. Ganga ta yi ta ƙara, ni kuma kowane harbi sai in ji sanyi a raina. Wannan shi ne abin da ba zan iya kallon kaina a kansa ba. Daɗi na ji. Na tsira, na ji daɗi, yaron na tsaye a gefena.

Issoufou ne kaɗai ya yi magana. Ya dogara sanda ya matso, ya ce da Hausarsa ta mutanen Damagaram, "Ni dai ina kwance a ƙasa ina kallonsa. Yaron ga bai gudu ba. Ya yi ta ja, da ya ga ta ƙiya sai ya sa hannu ya jawo karen daga kaina." Aka fassara wa mudir. Mudir ya ce wanda kare ke ci ba ya ganin daidai. Issoufou ya sunkuyar da kai, don takardar zamansa a hannun mutumin take.

Sabiru bai yi gardama ba. Ya dubi gangar ya ce, "Halas, shi ke nan. Ashe ni ne." Ya juyo ya ce mini, "Yaya, ka yafe mini, na ba ka kunya."

Lahadi

Ban je ko'ina ba sai aiki.

Talata, 21 ga wata, bayan isha

Sharifa ta ajiye mini tuwo, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba ba. Ta bari na sa loma ta farko.

Ta ce, "Abu Ƙaltume, ina but ɗinka?"

Na ce ai na gaya mata tuni, an ɗauke a masallaci.

Ta ce, "Ka gaya mini. Ka shigo da silifas ɗin wani, ɗaya ja ɗaya shuɗi, muka yi ta dariya. Yau ina shanya safarka sai na tuna. Me kake ajiyewa a cikin na hagu in za ka yi salla?"

Na cire hannu daga kwano. Ni na taɓa ba ta labarin da bakina, ina alfahari da cewa na riƙe maganar babana.

Ta ce, "Mahzan ɗin nan ya tafi a cikin takalmi. To wanne ne a cikin bindigar ranar da kare ya ci ƙanina?" Na ce mata maganar maza ce, ba ta san kanta ba. Kai, Abdussamad! Har da ɗaga murya. Ta bar ni na gama, sannan na gaya mata duka, har da biyar ɗin ranar Asabar. A kan biyar ɗin ne ta rufe fuska da mayafi.

Ta ce, "Ɓatan takalmi ƙaddara ce. Sayen na banza tsoro ne, kowa na jin tsoro. Amma ka tsaya yaron nan ya roƙe ka gafara, ka karɓa?" Ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba, ba ita za ta tona asirin uban 'yarta ba. Za ta ci gaba da dafa mini abinci, in na iya ci ina kallon idonta, to bismilla.

Ta tashi ta bar ni da kwanon.

Laraba, da hantsi

Ta kawo shayi, ta kawo ful da tamis, wake da gurasar karin kumallo, ta ce ina kwana. Ko zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 23 ga wata, bayan isha

Na bi ta gidan Inna. Sabiru ya daina fita ko masallacin unguwa, yara na yi masa haushin kare in ya wuce. Ya ce da zarar an gama allurai zai tafi Yanbu, wani abokinsa ya ce ana ɗaukar masu tsaron kaya a tashar jirgin ruwa, can ba wanda ya san shi. Inna na jin haka ta fashe da kuka. Shi kaɗai gare ta, kuma ta sha faɗa cewa ba ta baro ƙasarta ta zo Madina don a binne ta ba ɗa a kusa ba.

Da zan fita ta biyo ni zaure, ita da ko sunana ba ta faɗa saboda kunya. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Ka samo masa aiki, ya zubar maka da mutunci, amma ba ka guje mu ba." Ta ɗaga hannu tana yi mini addu'a. Na ce amin. Me zan ce?

Na koma wurin aiki. Tun ranar gwaji, harsashi biyar nake sa wa mahzan, tunda ni kaɗai ke riƙe bindigar kafin a kawo sabon mai gadi. Ka ji, ashe na san darajar hannu in nawa ne. Yau na danna masa takwas har babban yatsana ya yi ja, na kulle akwati. Zai kwana biyu a haka.

Juma'a, bayan masallaci

Wani tsoron kuma ya zo. Abin nan ba shi da alƙawari. Ranar da na gwada shi a bayan duwatsu, kafin ya cije, sau ɗaya ya ba ni takwas cif ba gardama. In gobe ya yi haka fa? Mudir zai ce na ƙirƙiro labari ne don in ceci ƙanin matata, in rasa aiki a banza, Sabiru kuma sunan ya bi shi har Yanbu.

Makon jiya ina roƙon Allah ta tashi. Yau na yi sujada ina roƙon ta cije. Ban san yadda mala'iku za su rubuta mutum irina ba.

Asabar, 25 ga wata, bayan azahar

Da sassafe na je gidan Inna na ce Sabiru ya shirya, mudir na nemansa. Ƙarya ce, amma ita ce ta ƙarshe. Na sa Issoufou ya kira leburori. Mudir ya fito yana faɗa, wai wane ne ya tsayar masa da aiki. Na ce a sake gwaji, yadda bindigar take kwana, ba yadda na loda ta ranar nan ba. Na buɗe akwati a gabansa.

Na farko ya tashi. Na biyu ya tashi. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya ƙi karɓa. Na ja na uku, shiru. Na sake ja, shiru.

Ban taɓa komai ba. Na miƙa wa mudir ita a haka, harsashi tsaye a bakin mahzan kowa na gani. Na zare mahzan na juya masa gindinsa, ba hatimi. Sannan na faɗa, da Larabci saboda mudir, na maimaita da Hausa saboda leburori. Takalmi, haraj, harsashin da na cire a bayan sito, biyar ɗin ranar gwaji. Sunan Ɗan'inna ne kawai na riƙe, don shi ya gaya mini gaskiya tun farko.

Mudir ya zage ni zagin da ban taɓa sha ba tun da aka haife ni. Ya karɓe mabuɗin akwati, ya ce in je gida in jira kiran 'yan sanda. Ya juya ga Sabiru ya ce aikinsa na nan, in hannun bai koma riƙe bindiga ba zai sa shi a kan ma'aunin motoci. Issoufou ya yi ta faɗin "Ban gaya muku ba?" har ya yar da sandarsa.

Sabiru bai dube ni ba. Ya duƙa ya ɗauki mahzan ɗin da hannun hagu daga inda mudir ya jefar, ya jujjuya shi, ya ajiye a kan ganga. Ya shiga motar sharika aka mayar da shi gida, ni na tako da ƙafa har titi.

Lahadi, da yamma

Likita ya kwance ɗinki. Yatsu biyun ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Sharifa ce ta gaya mini, tana tsaye a ƙofar ɗaki, ba ta ƙara komai a kai ba.

Litinin, 27 ga wata, bayan la'asar

An kira ni, na je, na sa hannu a takardu, an karɓe izinin, an ce in dawo wani mako. Wannan duk bai dame ni kamar hanyar shagon Haladu ba, kuma ba wata hanyar zuwa gidan Inna sai ita.

Na hango shi tun daga nesa. Sabiru ne zaune a kan benci a tsakiyar mutane, karo na farko tun ranar kare, Haladu da kansa na zuba masa shayi. Da suka gan ni hira ta mutu. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na tsaya a gabansa, duk maganar da na shirya tun daga gida ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sabiru, hannun fa?"

Ya ɗaga shi ya nuna mini, yatsu biyu a miƙe kamar itace. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya matsa gefe, ya bar wuri a kan bencin.

Ya ce, "Zauna, Sarkin Yaƙi."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Na zauna. Haladu ya tambaye ni ko a zuba mini shayi, shi ma ya kira ni da sunan nan, na amsa.